Ku Bar Rabin-Fure a Kan Tudun Maƙabartarmu

Zuwa ga Baba Alhaji, Shugaban ƙungiyar 'yan Zangonmu mazauna Birmingham da Manchester, da dattawan kwamiti, da duk wanda wannan takarda ta faɗo wa a waya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, Baba, ina yi maka sannu da sanyi, sannu da ɗawainiyar jama'a. A gaida Hajiya da yara. Sunana Munkaila, ɗan marigayi Malam Issaka tela, wanda shagonsa ke jikin masallacin Zango, can garinmu na bakin teku gabas da Accra. Ka san ni. Ni ne wanda ya miƙe a taron Sparkhill ranar Lahadi, aka ce ya zauna bai zauna ba, washegari aka cire shi daga group ɗin ƙungiya. Tunda a ɗakin taro ba a bari na kai ƙarshen magana ba, a waya kuma an toshe ni, shi ya sa na rubuta a fili. Wanda ya ga dama ya karanta, wanda bai ga dama ba ya goge.

Don wanda bai san asalin maganar ba, ga ta. Maƙabartar Zangonmu tana bakin teku. Tsakaninta da ruwa babu katanga, babu dutse, sai wani dogon tudun rairayi, a kan tudun kuma akwai wani ɗan itace da ya lulluɓe shi daga yamma har gabas. Kowace shekara gab da azumi ƙungiya kan tura taimako gida a gyara maƙabarta. Al'ada ce mai kyau, ba ni da ja a kanta. Da can shara ce da cire ciyawa tsakanin kaburbura. Bara sai aka ce a yi aikin da za a gani a yaba. Aka ɗauko katafila, ta hau tudun ta ɓangaren yamma, ta kankare shi tas, ta baje. Aka haska mana bidiyon a bango, rairayi fari fes kamar sabon zanen gado, ɗaki ya ɗauki kabbara. A ranar na ce wannan aiki bai kwanta mini ba. Aka tambaye ni hujja, ba ni da ita, sai wata magana ta babana. Aka yi dariya aka wuce.

Da damina ta kankama teku ya cika, ya haura ta inda aka baje. Ƙanwata Adiza ce ta turo mini voice note, ina tsaye da van ɗin aikina a Ardwick ta Manchester ina sauke kaya. Ta ce, "Yaya, teku ya shigo wajen mutane." Haka ta faɗa, wajen mutane. Sai da na sake saurare kafin na gane mutanen da take nufi. Mazan Zango suka kwana biyu suna bin bakin ruwa da sabon farin ƙyalle, suna tattara mamatan da ruwa ya tono. Ladan Fuseini, wanda muryarsa ke tashinmu tun muna yara, a ƙyalle aka tattaro shi aka sake binnewa. A ɓangaren gabas kuwa, inda katafila ba ta kai ba, ruwan ya zo gindin tudun, ya ɗan gutsura, ya koma.

To bana, Baba, kwamitinka ya yanke cewa katafila za ta koma ta ƙarasa gabas, sannan a ja katangar bulo. Babana yana kwance a gabas, a layin da ke jikin tudun. Iyakar abin da ya sa na miƙe ke nan.

Yanzu ga hujjar da aka nema bara.

Na ɗaya. Ku san abin da za ku tuge.

Ba shi da wani suna na Hausa da na sani. Mu a gidanmu rabin-fure muke ce masa, don furensa kamar an tsaga shi biyu an tafi da rabi. Tsayinsa ba ya wuce ƙugun mutum, wani wurin ma gwiwa. Ba ya ba da inuwa, ba a katako da shi, 'ya'yansa baƙaƙe ne masu ɗaci, in ka matse su sai su ɓata maka hannu kamar tawada. Muna yara in mun raka gawa ko mun je ziyara, mukan karya rassansa mu yi ta jifan juna da 'ya'yan. Babana in ya gan mu sai ya ce, "Ku bar shi, aiki yake yi." Ni kuwa da bakina sai in ce, wane aiki, Baba, abin da ko motsi ba ya yi? Sai ya ci gaba da tafiyarsa. Ina jin shi ma ba bayani ya gada ba, hanin kawai ya gada.

Ni ban yi jami'a ba, kowa ya sani, ma'ajin ƙungiya ma ya tuna wa jama'a ranar Lahadi. Abin da nake da shi katin library ɗin council ne na nan Handsworth da kuma taurin kai. Bayan abin da ya faru na sa Adiza ta ɗauko mini hotunan itacen, ganye da fure da 'ya'ya, na shiga bin littattafai. Da na rikice sai Allah ya haɗa ni da Malam Nasiru, wani Bakano da ke bincike kan ƙasar noma a Manchester. Kaya na kai flat ɗinsa, na ji yana waya da Hausa. Shi ya zauna da ni ya tabbatar mini da sunan da masana suka sa masa, Scaevola plumieri. Ya ce shi tun da yake bai taɓa taka bakin teku ba, amma aikin ya gane shi, don a can arewa inda hamada ke matsowa sabara da kalgo suna yin irinsa.

Baba, wallahi tun da na fara karanta labarin wannan ɗan itace nake jinjina masa. Ka duba inda aka ajiye shi. Rairayi zalla, wanda ba ya riƙe ruwa ko na minti ɗaya. Rana tana dukansa daga sama, rairayin yana ƙona shi daga ƙasa, har mu da takalmi muke tsalle. Iska tana watsa masa gishiri safe da yamma. Ka ɗauko mangwaro ko darbejiya ka kafa a nan, ka dawo bayan mako ka ga gawa. Shi kuwa kore shar. Ganyensa kauri ne da shi kamar kunnen mutum, santsi kamar an shafa masa man kaɗe, gishiri ya sauka a kai ya zame, ruwan da ya samu kuma ya ɓoye shi a ciki. Wurin da duk wani tsiro ya ce a kai kasuwa, nan aka ce masa zauna, ya zauna.

Furen ma da muke cewa rabi ne, ba rabi ba ne. Haka aka ƙera shi. Fari ne, ya baje gefe guda kamar tafin hannu a buɗe, don ƙwaro ya sami wurin sauka. A samansa akwai wani ɗan sanda da ya lanƙwaso, bakinsa da ɗan ƙoƙo wanda bai kai kan ashana ba. Tun furen bai buɗe ba ƙoƙon yake tara garin fure ya riƙe. In ƙudan zuma ya sauka ya cusa kai neman zaƙi, sai ƙoƙon ya zazzaga masa garin a gadon baya, ya tashi ya kai wa wani furen bai san an yi masa lodi ba. Ni da nake sana'ar kai kaya gida-gida, da na karanta wannan sai na rufe littafin. Shekara nawa muna tattaka wannan abu da silifa, ashe akwai ƙoƙo a ciki, akwai awo, akwai ɗan aike. Tsarki ya tabbata ga wanda ya tsara.

Na biyu. Aikin da babana yake nufi.

Mu duka mun ɗauka tudu ne ya fara zuwa, itacen ya zo ya hau. Ba haka ba ne. Itacen ne ya gina tudun. Iska takan kwaso rairayi daga bakin ruwa, in ta iso cikin rassansa sai ƙarfinta ya karye, ta zubar da abin da ta ɗauko. Rairayin ya taru ya binne shi. Wani tsiron in an binne shi ya mutu ke nan. Shi kuwa reshen da aka binne sai ya fitar da saiwa, kan kuma ya ƙara miƙewa sama ya leƙo. A sake binne shi, ya sake leƙowa. Haka, haka, har tudu ya tashi ya fi mutum tsawo. Ɗan koren da kuke gani a sama kansa ne kawai. Jikinsa yana ciki, ya saƙe tudun daga sama har ƙasa kamar yadda babana ke bin bakin riga da zare don kada ta zare.

Ashe abin da katafila ta yi bara ba shara ba ce. Zaren ta zare. Rairayin da ya rage ba mai riƙe shi, iska ta fara ɗiba tun kafin damina, teku ya zo ya tarar da ƙofa a buɗe.

Kuma abin da ya fi ba ni mamaki, Baba, in teku ya gutsuri tudun da ke da rabin-fure, tudun yana warkewa. Iska ta kawo sabon rairayi, itacen ya kama, gurbin ya cike. Wace katangar bulo ce take ɗinke kanta? Ku da kuka riga ni zuwa duniya kun ga gidajen siminti nawa teku ya ci a wannan gaɓar. Ruwa ba ta gaba yake kayar da katanga ba, ƙarƙashinta yake rarakewa har ta kife. Za ku tuge abin da yake gyara kansa kyauta, ku kafa abin da zai fara ruɓewa tun ranar da aka gama shi.

Na uku. Ba shi kaɗai ne a wurin ba.

Duk wanda ya tashi a Zango ya san ƙaguwar nan fara mai gudu kamar aljana, wadda ke haƙa rami a gindin tudun. Ya san tsuntsayen da ke sauka su ci baƙaƙen 'ya'yan, su je su zubar da ƙwallon a wani wuri ya tsira. Ya san ƙadangaru da ke fakewa a ciki da tsakar rana. Tsofaffi suna ba da labarin macen kunkurun teku da ke fitowa ta haƙa rairayi ta zuba ƙwai a gaban tudun, kuma har yanzu Adiza ta ce akan ga sawunta jefi-jefi. Kwakwar da ke bayan maƙabarta da darbejiyar da muke fakewa a ƙarƙashinta ranar jana'iza, ba don tudun yana tare musu iskar gishiri ba da ba su kai haka ba. Ɗan itacen da bai kai ƙugu ba shi ne a sahun gaba, manya suna bayansa suna shan iska.

Akwai wani dattijo maƙwabcina a Handsworth, mutumin Jamaika, Mista Clive, tsohon direban bas. Wata rana muna zaune a dakalin ƙofa ya leƙo wayata ya ga hoton. Sai ya karɓe wayar ya kawo ta kusa da ido. Ya ce wannan ai na bakin tekun garinsu ne, suna yara da 'ya'yansa suke yi wa juna zane a riga uwarsu ta zane su. Na ce a'a, wannan na maƙabartar Zangonmu ne. Muka yi ta musu kamar yara. Ashe duk mun yi gaskiya. Ƙwallon 'ya'yansa yana yawo a kan ruwan gishiri bai nutse ba, bai mutu ba, har igiyar ruwa ta tofar da shi a wata gaɓar ya tsira. Yana wannan gefen teku, yana wancan gefen. Ba fasfo, ba biza, ba wanda ya tsaya masa. Mu da muka san abin da ƙetare ruwa ya ci mana kafin mu zo ƙasar nan, ya ci a ce mun ɗan ji nauyinsa.

Na huɗu. Dalilanku, don kada a ce ban saurara ba.

Kun ce akwai macizai. Kun ce 'yan shaye-shaye suna fakewa a wurin. Kun ce wasu marasa kunya suna zagayawa bayan tudun su yi bayan gida kusa da mamata. Duk gaskiya ne, na ƙarshen ma ya fi ƙona mini rai fiye da ku, don ubana ne a kusa. Na kuma san inda tunanin ya fito. Yawancin dattawan kwamiti can cikin ƙasa nesa da teku aka haife su, Kumasi da Tamale har arewa da su, aure ko kasuwa ya kawo iyayensu gaɓa. A can girmama wuri shi ne a share shi ƙal, a ga ƙasa tsirara, ko tsinke babu. Tsakar gida haka, harabar masallaci haka, maƙabarta haka. A can daidai ne. A bakin teku kuwa ƙasa tsirara ƙasa ce da ta yi sallama. Niyyarku lada ce, ban taɓa shakka ba. Amma teku ba ya duba niyya.

Ban kuma ce rabin-fure zai hana teku har abada ba. Ni ba mahaukaci ba ne. Tekun nan yana matsowa, masu tifa suna satar yashi a gaɓa, akwai abubuwan da suka fi ƙarfin itace da katanga duka. Malam Nasiru ma ya ja mini kunne, ya ce kada in yi alkawarin da itacen bai yi ba. Abin da na ce shi ne: gefe biyu ne, ruwa ɗaya, damina ɗaya. Inda aka tuge, an tsinci mutane a ƙyalle. Inda aka bari, suna kwance. Wannan ba daga littafi na ɗauko ba, Adiza ta gani da idonta, kowa a Zango ya gani.

Na biyar, kuma a nan zan ɗan ɗaga murya, a gafarce ni.

Da na faɗi wannan a taro, sai aka ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, Baba, a kanta aka raine ni. Amma ƙaddara ba ita ta yi hayar katafila ba. Mu muka yi. Wanda ya ƙaddara teku shi ya ƙaddara masa ɗan itacen da zai tsaya a gabansa, muka zo muka tuge ɗaya muka bar ɗaya, sannan muka ɗaga hannu sama. Ma'aji kuma ya ce, "To Dakta Ciyawa ya gama lacca? Shinkafa tana hucewa." Aka yi dariya har da tafi. Na ji, na karɓi sunan, ku ci gaba da kirana da shi har a titin Stratford na Sparkhill. Abin da na mayar masa a ranar ya yi zafi, na sani, bakina ba ya jiran izini. In don wannan aka cire ni daga group, a bar ni a waje, ba na roƙon a mayar da ni. Ni ba kujera nake nema ba. A hukunta ni, kada a hukunta tudun.

Ga abin da nake roƙo.

A dakatar da katafila. A kira gida tun yau a ce kada ta hau gabas, kafin mai ita ya ga rana ta yi kyau ya yi mana gwaninta.

A yi shara kamar yadda aka saba tun da, tsakanin kaburbura, da tsintsiya da fartanya. A sare abin da ya toshe hanya. Tudun kuwa a bar shi da rigarsa.

Abin da aka tanada don bulo a yi shingen waya da shi ta gefen gari, a sa ƙofa, a samu mai gadi. Masu fakewa da masu ɓata wuri ta gari suke shigowa, ba ta teku ba.

A mayar da rabin-fure yamma. Ana yankar reshe a kafa, ana shuka ƙwallon. Adiza da matan layinmu sun ce za su yi, ba sa neman komai sai a ce musu an yarda, don kada gobe a ce sun shuka daji a maƙabarta. Zai ɗauki lokaci, shi ba ya gaggawa.

In kuma maganar direban van ba ta isa ba, ban ji haushi ba. A cikin 'yan'uwanmu ɗalibai na Manchester da Birmingham akwai masu ilimin ƙasa da ruwa. A kira su a tambaya. Malam Nasiru ya ce zai zo Sparkhill da kuɗin motarsa in an gayyace shi.

Na ƙarshe naka ne kai kaɗai, Baba. Na ji za ka je gida kafin azumi. Don Allah in ka je ziyara, kada ka tsaya a ƙofa. Ka taka har gabas, ka hau tudun, ka tsuguna a gindin guda ɗaya. Ka sa hannu ka tone rairayin, ka bi saiwar ka ga inda za ta kai ka. Ka kama reshe ka ja da ƙarfinka. Sannan ka tsinki fure ɗaya ka sa tabarau ka leƙa ɗan ƙoƙon nan. In ka sauko ka ce a kawo katafila, na yi shiru, ba za ka ƙara jin bakina ba.

Ina faɗin haka ne don na tuna ranar da muka kai wani ɗan'uwa maƙabartar nan Birmingham, ana yayyafi, taɓo yana kama takalmi. Ka juyo ka ce mana, mu matasa, mu zama shaida: kai in ta Allah ta kasance kada a sa ka a wannan ƙasa mai sanyi, a kai ka gida, kusa da mahaifiyarka, inda ake jin ƙarar teku. Muka ce mun ji. Ni ina cikin waɗanda suka amsa, kuma in ina da rai ina cikin masu ɗauka. To yamma ta tafi, Baba. Wurin da ya rage gabas ne, bayan tudun nan, 'yan taku kaɗan daga babana. Alkawarin da muka yi maka ba mu kaɗai za mu cika shi ba. Mu iyakarmu mu kai ka mu dawo. Wanda zai zauna da kai bayan mun watse, rana da iska da gishiri, shi ne ɗan itacen da kuka sa a tuge.

Allah ya ja kwananka, ya ƙara maka lafiya, ya sa ka daɗe kana yi mana faɗa. Allah ya saka maka da alheri kan gawarwakin da ka tsaya aka kai gida da marayun da ka riƙe, ba mu manta ba. Allah ya jiƙan Ladan Fuseini da waɗanda aka tashe su ba lokacin tashi ba, ya jiƙan mahaifiyarka, ya jiƙan Malam Issaka. Allah ya nuna mana gaskiya ko da a bakin wanda ba mu so ta fito.

Ku bar shi, Baba. Aiki yake yi.

Wassalam.

Ɗanka mai kaifin baki,
Munkaila ɗan Malam Issaka tela,
Handsworth, Birmingham.